Ƙarfen da Ya Shigo Cikin Kwabo: Tarihin Nikel da Farar Wuta, daga Zurich zuwa Gonakin Gafasa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ya san ruwayar nan da ake tinƙaho da ita, cewa maƙeran Gaya ne suka fara zama a gindin Dutsen Dala saboda tama, kuma sunan babbansu, Kano, shi ya bi garin. Masana tarihi na iya yi wa ruwayar kwaskwarima, amma sun yarda cewa mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin ƙarfe. Sun san baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa da dalma da kuza. Sun san farar wuta, wadda ake saye don maganin ƙazuwa da haɗa albarushi. Auren ƙarfe da farar wuta ma yana cikin ɗakin kowace mace, domin kwallin da ke cikin tandu dutse ne na dalma da ta haɗu da farar wuta.

Nikel ba ya cikin wannan jeri, shi ya sa ba shi da sunan Hausa. Ta aljihu ya shigo mana. Shekara huɗu bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka fara buga sababbin kuɗi don su maye gurbin wuri: kwabo da anini, masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Kwabon nan fari ne, kuma farinsa daga nikel yake, domin kashi 75 cikin ɗari tagulla ce, kashi 25 nikel. Anini ya fara da sanholo, a 1908 shi ma aka mayar da shi irin wannan haɗi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan, manomin Gafasa da na Ajingi da na Gaya suka riƙa zira wannan ƙarfe a igiya suna ɗaurawa a ƙugu. Yau kwabo ya zama labari, amma nikel bai bar Gafasa ba. Yana cikin ƙasar gona, kuma yana da hannu a kan nawa ne daga buhun takin yuriya zai isa ga gero, nawa zai bi iska. Yadda aka gano haka doguwar tafiya ce, kuma kusan a kowane zango farar wuta tana wurin.

Kalmar kwabo daga sunan tagulla a Turanci aka aro ta, wato mun kira abin da sunan tagulla alhali nikel ne ya ba shi launi. Masu haƙar ma'adinai a duwatsun Jamus sun riga mu faɗawa wannan ruɗu. Sukan haƙo wani dutse ja mai kama da na tagulla, su narka, tagulla ta ƙi fita. Sai suka ce aikin aljanin rami ne, suka raɗa masa Kupfernickel, wato tagullar aljani. A 1751 wani masani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya nuna cewa sabon ƙarfe ne ke ciki, ya gutsure rabin sunan ya bar masa. Daga baya aka ga cewa manyan taskokinsa a ƙasa haɗe suke da farar wuta. A 1883 masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a Sudbury ta Kanada suka yanko irin wannan dutse, kuma a shekarun da kwabo mai huda ke yawo, daga can mafi yawan nikel na duniya ke fitowa. A da, a fili ake tara dutsen a ƙona don a kori farar wutar, hayaƙin ya kashe itatuwa da ciyayin yankin.

Raba su kenan. Masu binciken sinadarai kuwa tambayarsu daban ce: idan ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfe ta riƙe wasu, yaya zamansu yake? Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Alfred Werner, matashi ɗan shekara 26 a Zurich. A 1893 ya ce ƙarfen yana zama ne a tsakiya kamar sarki a fada, wasu ƙwayoyi ko curin ƙwayoyi su kewaye shi, kowa da mazauninsa, kuma yawansu ƙayyadadde ne, yawanci huɗu ko shida. Bari mu kira waɗannan fadawa mariƙa, tunda riƙe ƙarfen suke yi. Werner bai taɓa ganin ƙwayar zarra ba. Da launi da ƙirga ire-iren haɗin da ke yiwuwa ya kafa hujjarsa, ya yi shekara ashirin yana tara ta kafin a ba shi kyautar Nobel a 1913.

Ga nikel mai mariƙa huɗu, zama iri biyu ne ke yiwuwa. Ko dai su huɗun su zauna a shimfiɗe, kamar mutum huɗu a kusurwoyin tabarma da ƙwarya a tsakiya, ko kuma uku a ƙasa ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu da tukunya, ƙarfen yana inda wuta take. Mai karatu na iya cewa to mene ne a ciki. Komai na ciki: launi, da yadda maganaɗisu ke jan abin, da irin sinadarin da zai iya kusantar ƙarfen, duk daga zaman suke. A 1931 Linus Pauling ya yi hasashen cewa haɗin nikel da maganaɗisu ba ya ja, zaman tabarma yake yi. Saura a gani da ido.

Idon kuwa hasken eksire ne. Tun 1912 Max von Laue ya nuna cewa idan wannan haske ya ratsa kiristal, wato ƙwaya mai tsari irin ta gishiri ko sukari, yakan watse ya bar ɗigo-ɗigo a faifan hoto. William Bragg da ɗansa Lawrence suka nuna yadda za a karanta ɗigon a gane inda kowace ƙwayar zarra take. A 1935 Gordon Cox da abokan aikinsa a Birmingham suka ɗora wani gishirin nikel wanda farar wuta huɗu ke riƙe da shi a gaban hasken. Zaman tabarma suka gani. Yana cikin haɗe-haɗen nikel na farko da aka tabbatar da siffarsu ta wannan hanya.

Ni da sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, wannan zango ya fi kowanne ba ni tausayi. Ɗigon da ke faifan ba hoton abin ba ne, lambobi ne, sai an yi dubban tarawa da ninkawa kafin siffa ta fito, kuma da hannu ake yi. A 1936 Arnold Beevers da Henry Lipson suka fito da dabarar sauƙaƙawa: akwatunan katako cike da siraran kwalaye, kowanne da lissafin da aka riga aka yi, mutum ya zaro ya jera ya tara. Siffa ɗaya kan ci watanni. Yau kwamfutar cinya takan gama irin wannan kafin shayi ya huce, sau da yawa da manhajar SHELX da George Sheldrick ya fitar a 1976, wadda aka rubuta da tsohon yaren Fortran kuma har gobe ana amfani da ita.

Rikicin da ya fi daɗi ya zo ne a 1962. A Munich, Gerhard Schrauzer da abokin aikinsa Mayweg suka samo wani kiristal mai duhun kore, kusan baƙi, inda mariƙa biyu ke riƙe da nikel, kowanne da farar wuta biyu kamar bakin awartaki. A shekarar ce kuma Harry Gray a New York ya fito da ɗan'uwansa, ƙungiyar Richard Holm a Harvard ta biyo baya. Dangin nan su ake kira daitayolin. Halinsu ya ɗaure wa kowa kai. A ba su ilektoron ɗaya su karɓa, a ƙara na biyu su karɓa, a nema su mayar, kuma zaman tabarmar bai motsa ba. A ƙa'idar da aka gada, ƙarfe ne ke karɓa da bayarwa, mariƙa 'yan rakiya ne. To amma idan aka bi wannan ƙa'ida, lissafin nikel ɗin yakan fito da lambobin da hankali bai ɗauka. Aka yi ta musu a mujallu. A 1966 Christian Klixbüll Jørgensen, ɗan Denmak, ya raba mariƙa gida biyu da kalmomin kotu: waɗanda ba su da laifi, da waɗanda ake tuhuma. Sai a farkon shekarun 2000 sababbin na'urori suka ƙarfafa hukuncin cewa yawancin ilektoron ɗin a hannun mariƙan suke shiga da fita. Ashe farar wuta ce uwar adashi, nikel shaida ne kawai a zaune.

A lokacin, duk wanda ya ce wannan wasan malamai ne ba za a zarge shi ba. Babu wanda ya san takamaiman aikin da nikel ke yi a jikin halitta mai rai. An san baƙin ƙarfe a jini, an san tagulla da zinki, shi kuwa nikel na kwabo ne da cokalin da ba ya tsatsa.

Amsar tana kwance a cikin wake tun 1926. A shekarar ce James Sumner na Jami'ar Cornell, mutumin da ya rasa hannun hagu a hatsarin farauta yana saurayi, ya tace wani sinadari daga garin wani farin wake mai faɗi har ya zama kiristal. Sunansa yuriyes. Yana cikin inzayim, wato ma'aikatan cikin jikin halitta masu gaggauta aikin da in an bar shi zai ɗauki shekaru. Aikin yuriyes shi ne fasa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, ta koma amoniya da iskar kabon. Warin da ke tashi a turken awaki aikinsa ne. Sumner ya ce inzayim furotin ne, manyan masanan Jamus suka ƙaryata shi shekara da shekaru, a 1946 aka ba shi Nobel. Duk da haka bai san akwai ƙarfe a cikin kiristal ɗinsa ba. Sai a 1975, bayan shekara 49, Burt Zerner da ɗalibinsa Nicholas Dixon da abokansu a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka auna suka ga nikel biyu a kowane wurin aiki.

Daga nan abin ya ɓalle. A Marburg ta Jamus, ƙungiyar Rudolf Thauer ta gano a 1979 cewa ƙananan halittu masu samar da iskar mitan ba sa girma sai da nikel. Abin da ya ɓoye wannan tun farko shi ne kayan aikin ɗakin gwaji na ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda ke sakin ɗan nikel a cikin ruwan kiwon ba tare da kowa ya lura ba. Irin waɗannan halittu ne ke cikin tumbin shanu, don haka kowace saniya a karar Wudil, idan ta yi gyatsa, iskar da ta fito ta bi ta kan nikel da wani ɗan sinadari mai farar wuta ya miƙa wa kaya. A 1983 aka nuna cewa waken suya da aka hana shi nikel, bakin ganyensa yakan ƙone saboda yuriya ta taru ba mai fasa ta, aka kuma ga haka a wake irin namu. A 1987 aka sa nikel a jerin abincin da tsiro ba ya rayuwa sai da shi. Ƙwayar cutar nan mai haddasa gyambon ciki ma da yuriyes take kare kanta daga tsamin ciki.

Shekarar 1995 ta kawo siffofi biyu. A Grenoble ta Faransa, Anne Volbeda da Juan Fontecilla-Camps da abokansu suka fitar da siffar inzayim mai sarrafa iskar haidirojin, daga wata bakteriya. A zuciyarsa ga nikel, ga farar wuta huɗu riƙe da shi, biyu daga ciki sun yi gada zuwa wani ƙarfe na biyu, wanda aka tabbatar baƙin ƙarfe ne. Abin da aka yi shekara talatin ana yi wa kallon wasan malamai, ashe bakteriya ta daɗe tana cin abinci da shi, kuma ilimin daitayolin da danginsa ne ya ba masana harshen da za su karanta abin da suka gani. A shekarar kuma, a Cornell ɗin da Sumner ya yi aiki, Andrew Karplus da Evelyn Jabri tare da Robert Hausinger suka fitar da siffar yuriyes. A nan babu farar wuta ko ɗaya a jikin nikel ɗin biyu. Naitirojin da oksijin ne ke riƙe da su, da ɗan gurbi a tsakani inda yuriya ke shiga. A 1998 ƙungiyar Stefano Ciurli ta Italiya ta nuna abin da ke faruwa idan wani ƙaramin sinadari mai farar wuta ya samu shiga gurbin: farar wutar takan zauna tsakanin nikel biyun ta kama kowanne, aiki ya tsaya.

Duk waɗannan siffofi a buɗe suke ga mai waya. Rumbun siffofin furotin da aka kafa a 1971 da siffa bakwai kacal kyauta ne a intanet. A rubuta 1FWJ a ga yuriyes, a rubuta 1FRV a ga na Grenoble, a juya su da ɗan yatsa. Rumbun ƙananan sinadarai na Cambridge, wanda Olga Kennard ta kafa a 1965, ya haye siffa miliyan ɗaya a 2019.

Mu ma muna cikin wannan fage, amma da ƙafa ɗaya. A Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da ta kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ke maƙwabtaka da Gaya, ɗalibai na haɗa nikel da mariƙa iri-iri, har da masu farar wuta, suna auna narkewarsu da launinsu da yadda maganaɗisu ke jan su, suna gwada su a kan ƙwayoyin cuta. Aiki ne na gaske. Sai dai takardu da yawa daga jami'o'in ƙasar nan sukan ƙare ne da zanen siffar da ake zato, wato inda Werner ya tsaya. Na'urar eksire mai karanta kiristal guda tana da tsada kuma tana son wutar lantarki marar yankewa, shi ya sa mai hali yakan aika samfurinsa waje, sau da yawa Afirka ta Kudu. Babbar na'urar nan mai zagaye da ake kira sinkirotiron, wadda ke ba da haske mai ƙarfin karanta furotin, babu ita ko ɗaya a nahiyar Afirka, alhali Jodan ta buɗe tata a 2017. A ganina, na'ura ɗaya ta kiristal a Kano, wadda duk jami'o'in arewa za su yi layi a kanta, ta fi sabuwar ƙofar shiga makaranta amfani nesa ba kusa ba.

Mu koma gona, inda maganar ta zama ta kuɗi. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na abin da shuka ke nema. Nijeriya na yin ta da yawa yanzu: masana'antar Indorama tana Eleme, ta Ɗangote da aka buɗe a Lekki a 2022 kuwa an gina ta don tan miliyan uku a shekara. Amma buhun bai yi wa manomi arha ba, akwai mai sayar da akuya kafin ya saya. Ƙasar gona cike take da yuriyes, daga bakteriya da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Da ƙwayar taki ta taɓa danshi ta narke, nikel biyun nan sun fara aiki, cikin 'yan kwanaki yuriya ta koma amoniya. Idan hakan ya faru a cikin ƙasa, ƙasar takan kama amoniyar ta ajiye wa saiwa. Idan a sama ne, rana na duka iska na kaɗawa, sai ta tashi. Asarar kan kama daga kaɗan zuwa sulusi ko fiye, gwargwadon zafi da danshi da irin ƙasa, kuma jigawa mai rairayi irin ta gabashin Kano ba ta da riƙo sosai. Ko da kashi ɗaya cikin biyar ne ya tafi, daidai yake da a ɗebi kilo 10 daga buhun a sheƙe a iska.

Masana'antu sun nemo maganin abin a dangin sinadarai masu farar wuta. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne NBPT, wanda ya shiga kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Ana shafa shi a jikin ƙwayar takin. Ƙirarsa ta yi kama da ta yuriya, sai yuriyes ya ruɗe ya karɓe shi, wani gutsurensa ya maƙale a kan nikel biyun, kamar yadda ƙungiyar Ciurli ta nuna da hasken eksire a 2017. Wani abin sha'awa shi ne, a cikin ƙasa oksijin yakan maye gurbin farar wutar, kuma sabon sinadarin ya fi na asali ƙarfin toshewa, sai dai ba ya daɗewa. Farar wutar ce ke sa maganin ya jure ajiya da tafiya. Jinkirin da yake bayarwa na mako ɗaya ne zuwa biyu, daidai lokacin da ruwan sama zai iya zuwa ya shigar da takin ciki.

Gwamnatoci sun ɗauki abin da zafi. Daga Fabrairun 2020, doka a Jamus ta ce duk mai zuba yuriya ko dai ta kasance mai maganin toshe yuriyes, ko ya rufe ta da ƙasa cikin awa huɗu. Indiya kuwa tun 2015 ta wajabta shafa man darbejiya a yuriyar da ake yi a ƙasar. Kada a ɗauka abu ɗaya ne: darbejiya ta fi tasiri a mataki na gaba, inda bakteriya ke mayar da amoniya wani gishiri da ruwa ke saurin wankewa. Duk da haka, itacen da ke kowace ƙofar gida daga Gaya zuwa Ajingi ya cancanci ɗalibin Wudil ya dube shi da idon bincike.

Zaɓi na biyu a dokar Jamus, wato rufewa, ba ya buƙatar masana'anta. Shi ne abin da malaman gona suka daɗe suna faɗa a ƙauyukanmu, ana jin sa kamar ƙa'idar ofis marar dalili: a tona ɗan rami gefen shuka, zurfin ɗan yatsa, nesa kaɗan da gindi don kada ya ƙona ta, a zuba a rufe. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar ta gina dabararta a kan haka tun shekarun 1990, inda ake auna taki da marfin kwalbar lemo ga kowane gindi maimakon watsawa. Wahalar a bayyane take. Watsa buhu aikin mutum ɗaya ne da safe, binnewa kuwa sai an tara yara ko an biya 'yan ƙwadago, a lokacin da noman firi da maimai suka riga suka cinye hannu. Shi ya sa da yawa ke haɗa zuba takin da huɗa, garma ta bi baya ta rufe, ko kuma su dubi gabas su watsa in hadari ya haɗu. Na biyun caca ce. Ruwa mai ƙarfi yakan narkar da yuriya ya nutsar da ita inda ƙasa za ta riƙe. Yayyafi ko raɓa kuwa narkar da ita kawai suke yi su bar ta a sama, a bakin yuriyes, kuma idan rana ta buɗe washegari, a wannan yanayi ne asarar ta fi yawa.